Jokum Ya Kama Haya

Shekarar da kwasa ta zo kan garinmu Hulbek, har tuta muka kafa a ƙofar ɗakin wanki. Asusun Juyi dai adashi ne na gwamnati, in ban da cewa garuruwa ne ke kwasa ba mutane ba. A ba gari rance mai sauƙi ya gina gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi, 'yan haya su riƙa biya a hankali, kuɗin su koma asusu, a miƙa wa gari na gaba. Benen da nake ciki da irin waɗannan kuɗin aka gina shi tun ina budurwa. Mun gama biya da daɗewa amma haya ba ta ragu ba, don rarar tana can tana gina wa wasu, mu kuwa ba ma ganin wannan abin ƙorafi ne. Ƙorafinmu yana kan wanda ya jingine keke a bakin matakala.

Sunana Herdis, direbar bas ce ni kafin in yi ritaya, kuma ni ke dafa kofi a duk taron 'yan haya. Abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, ina riƙe da buta.

Sabon ginin a filin da ke kallon namu za a yi shi, gida ashirin da huɗu, da lif, da ƙofofi masu faɗi. Kowa ya yi murna, amma ba kamar Torkild ba, maƙwabcina na hawa na uku. Matarsa Oda ta samu shanyewar ɓarin jiki shekara shida kafin nan, kuma tun daga ranar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Benenmu ba lif, matakalarsa ga ƙunci ga kwana, ko hawan ƙasa sai ka hau 'yan matakai kafin ka shiga. Sau biyu masu motar asibiti suka sauko da ita a ɗaure kamar firji, ta ce ba ta ƙarawa. Wannan fa matar da a da ita ce sarauniyar lambun unguwa, wadda yara ke gudu in ƙwallo ta faɗa mata cikin kabeji. Yanzu kullum da safe Torkild ya tura kujerarta bakin taga, duk mai wucewa ya ɗaga hannu ya ce, "Oda, ya jiki?" Ita kuma ta ɗaga hannunta mai lafiya. Mu a wurinmu an yi ziyara ke nan, sai mu wuce muna jin daɗin kanmu.

Su aka yi wa alkawarin gida mai lamba ɗaya a sabon ginin, hawan ƙasa, wata ƙofarsa tana buɗewa cikin ɗan lambu a gefen titi. Tun ana haƙa harsashi Torkild ya sayo irin wake ya ajiye.

Sharaɗi ɗaya Asusu ya gindaya. Rufi ya hau kafin shigowar Nuwamba. In bai hau ba, ragowar kuɗin su wuce garin Ravnsig da ke bayanmu a layi, mu kuma mu jira adashi ya zagayo, wajen shekara ashirin. Torkild yana da saba'in da takwas. Ba sai an yi masa lissafi ba.

Aiki ya tafi lafiya lau har katakon rufi ya tsaya a ƙarshen Agusta. To, kowa ya san abin da ke biyo baya: bikin ɗora rufi. A rataya zoben ganye a ƙololuwa, a ɗaga tuta, mai gini ya ciyar da ma'aikata jan soseji, wato niƙaƙƙen nama da aka ɗura a hanji, da giya, ya yi jawabin da ba mai saurara, sannan a rufe gida. Tun kakannin kakanni haka ake yi.

Mai gini a nan ƙungiyar gidajenmu ce, ciyaman ɗinta kuwa Sigvald Munk, tsohon jami'in duba sikeli a kasuwanni. Ba mugu ba ne. Gaskiya ce ta yi masa yawa har ta zama ciwo. Mutumin da in ya tsinci biro a ofis sai ya kafa sanarwa.

Asmus, ogan kafintoci, ya same shi a ɗakin taro ina goge kofuna.

"Ciyaman, Juma'a ce fa bikin. Mu goma sha ɗaya ne, amma ka yi sayayyar mutum ashirin, yaran nan ba su da ƙoshi."

"Ba soseji," in ji Sigvald.

"Ban ji ba."

"Kuɗin Asusu masu zuwa ne su koma. Bulo yana komawa ta hanyar haya. Taga tana komawa. Ka taɓa ganin soseji ya koma?"

"Yana komawa mana," in ji Asmus, "sai dai ba ta hanyar da Asusu zai so ba."

Sigvald bai yi dariya ba. Ya ce ya buga wa Asusu waya da kansa, matar da ta ɗauka ta duba ta ce ba su da gurbin abinci. Asmus ya dube shi, ya dube ni, ya ajiye kofinsa ko kurɓa bai yi ba, abin da ya fi komai ba ni haushi a ranar.

Litinin da safe muka tashi muka ga mutum a rataye a ƙololuwar rufi. Ashe tsohuwar rigar aiki ce aka cusa wa tsumma, bokitin fenti a madadin kai, an zana masa ido da baki, an kifa masa hular kwano, an rataya masa kwalaben giya wofi a wuya. Kakana ya sha ba ni labarin wannan tonon silili da ake yi wa mai gini marowaci, amma ban taɓa gani da idona ba. Kafintoci suka raɗa masa suna Jokum, suka baje a ƙarƙashinsa suna karta.

Sigvald ya zo a kan keke yana haki. "Wannan yajin aiki ne!"

"Haba Ciyaman, wane irin yaji?" in ji Asmus, idonsa na kan karta. "Ka ce mu sa ƙofa, mu sa. Ka ce mu share fili, mu share. Amma ba a ɗora rufi a kan ratayayye, shi kuwa ba ya sauka sai ya ji ƙamshin soseji. Ba ni na kafa dokar ba, haka na tarar."

Da Torkild ya ga sati ya shuɗe ana karta, sai ya ɗebi kuɗin fanshonsa ya sayo soseji fal kwali, ya ɗora murhu a baro, ya turo har gindin gini ya hura wuta. Ƙamshi ya cika unguwa. Na ga wani ƙaton kafinta yana share ƙwalla. Asmus ya zo ya dafa kafaɗarsa.

"Dattijo, wallahi ka burge ni. Amma ba ka ne mai gini ba. Sosejin tausayi ba ya sauko da Jokum. In muka ci wannan, gobe kowane marowaci a ƙasar nan sai ya turo tsoho da baro."

Kafin Torkild ya buɗe baki sai ga kararrawar keken Sigvald. Ya ce mutumin da ke jiran a ba shi gida in ya ciyar da 'yan kwangila, sunan abin cin hanci, kuma albarkacin zaman tare ne zai yi kamar bai gani ba. Mu tsofaffi muka cinye sosejin a ɗakin wanki, har ya fita daga ranmu.

Labari ya kai Ravnsig. Duk Lahadi sai ga su a motoci, su shimfiɗa bargo a gefen titi, su zuba kofi, su zauna suna kallon rufinmu da ba rufi, suna murmushi. Wani har da madubin hangen nesa. In ka wuce su gaishe ka da ladabi, su tambaye ka ko an ce sanyi zai shigo da wuri bana. Na tuƙa bas zuwa garin nan shekaru da yawa, na san su, ba su da ta ido.

Da Oktoba ta kama aka kira taron gaggawa. Ɗaki ya cika har da masu tsayuwa. Muka ce a ɗebi kuɗin a asusun sashenmu, na fenti da gyaran famfo, a sayi sosejin a huta. Hannuwa suka tashi sama, har da na waɗanda ba su ji abin da aka ce ba.

Sigvald ya kaɗa 'yar kararrawarsa. "Ku sauke hannu. Kowane gini sashe ne mai cin gashin kansa. Kuɗin tsohon sashe ba ya shiga sabo. Taron mazauna sabon gini ne kaɗai ke da ikon saya wa sabon gini soseji."

"To a kira su mana!" wata ta faɗa daga baya.

"Ba mazauna sai an yi rufi."

"Rufin kuma sai an yi biki," in ji Asmus daga bakin ƙofa.

"Bikin kuma sai mazauna sun amince," in ji Sigvald, har da gyaɗa kai, kamar wanda ya ga sikeli ya daidaita.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na dangwarar da buta na ce, "To sai ka je ka tambayi Jokum, shi kaɗai ke kwana a can!"

Aka fashe da dariya. Sigvald bai yi ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya jira har dariyar ta mutu da kanta. Nan na gane na jawo mana wani abu.

"Mazauni," ya ce a hankali, "shi ne wanda ke kwana a sashe a kai a kai, kuma ba a bin sa bashin haya. Ba a ce sai mai numfashi ba."

Wani ya ce Ciyaman ya zare. Wani ya ce a ƙyale shi, in haukan zai kawo rufi muna so. Amma Sigvald bai gama ba. Ya ce kafin Jokum ya yi taro sai ya zama ɗan haya sosai, an ba shi gida, ya biya wata ɗaya, don sashensa ya samu abin sayen sosejin. Kuma ba a ba mutum hayar gidan da ruwa ke zuba. Gida ɗaya ne a duk ginin da aka gama wa silin da ƙofa da taga, saboda shi aka shirya don nuna wa manyan baƙi. Lamba ɗaya.

Ba wanda ya yarda ya dubi inda Torkild yake zaune.

Washegari na raka Sigvald hawa na uku, yana riƙe da hularsa a hannu. Ya yi bayani tiryan-tiryan bai ɓoye komai ba, gaskiya kam ba a raba shi da ita. In Torkild ya saki lamba ɗaya, ya koma ƙarshen layi, sauran gidajen kuwa duk an riga an raba. In bai saki ba, kuɗi su wuce Ravnsig. Gaba kura, baya sayaki.

"Wato in ba wa bokitin fenti gidan matata," in ji Torkild. "Sigvald, da ba don tare muka yi makaranta ba, da ta taga za ka sauka."

"Ku ba shi," in ji Oda.

Maganarta ta yi nauyi tun da ciwon ya same ta, amma kaifin yana nan. Ba ta juyo ba, tana kallon waje.

"Tsohuwa, kin ji abin da ya ce kuwa? Ƙarshen layi fa."

"Na ji, kunnena bai shanye ba. In ka ƙi, kowa ya koma ƙarshen layi, har da yarinyar nan mai 'yan biyu da ke kwana a falon uwarta. Kullum ina kallon Jokum daga nan, ruwa yana dukansa. Ni ko ba komai ina da rufi. Sa hannu, tsoho, kafin in canja ra'ayi."

Ya sa. Na ji tausayin mutumin nan har sai da na shiga kicin ɗinsu na yi kamar ina neman sukari.

Kuɗin hayar Jokum a gwangwanin kofi muka tara, don Sigvald ya tabbatar mana taimakon maƙwabci ba cin hanci ba ne. Sai batun taro. Kafintoci suka ce Jokum ba ya sauka sai an yi biki, saboda haka taro ne zai hau ya same shi. Haka Sigvald, da shekarunsa da laktayensa, ya kama tsani da kararrawa a aljihu. Ni ma na bi shi da filas, don a garinmu taron da ba kofi ba taro ba ne. Muka zauna a kan katako, iska tana kaɗa mu, mutanen gari sun cika ƙasa, 'yan Ravnsig sun tashi tsaye a kan bargunansu.

Sigvald ya kaɗa kararrawa. Ya yi wa mazauna sashe maraba, ya yaba da yadda kowa da kowa ya halarta. Na zuba wa Jokum kofi na ajiye a kan katako. Aka karanta shawara: sashe ya sayi soseji da giya da zoben ganye.

"Akwai mai adawa?"

Daidai nan iska ta juya Jokum ya ba mu baya, kwalaben wuyansa suna ƙara. Daga ƙasa aka ɗauki ihu, "Ya amince! Ya amince!" Wani ɗan Ravnsig ya ɗaga murya ya ce ƙarya ne, ficewa ya yi daga taro don fushi.

"Ba na ƙirga ƙuri'ar mutum yana ba ni baya," in ji Sigvald. Ya harɗe hannu.

Muka zauna jiran iska. Ƙafata ta yi sanyi, kofi ya huce, na zagi Sigvald a zuciyata da duk zagin da na koya a tashar bas. Can Allah ya taimaka iska ta sauya, bokitin ya juyo a hankali ya zuba mana idanunsa na fenti.

"Akwai mai adawa?" Sigvald ya maimaita. Ya jira, ya ƙara jira. "Babu. An zartar." Tun da an riga an haɗu, ya ce, gara a cike gurbin shugaban sashe, kuma ɗan takara ɗaya ne. Kafin mu sauko Jokum ya zama shugaba ba hamayya.

Biki kam an yi shi. Aka sauko da Jokum da tafi, aka zaunar da shi a kan babban tebur a matsayin mai gayya. Asmus ya ci soseji har ya kwance bel, Sigvald ya yi jawabi ba wanda ya ji. Kafintoci suka hau aiki kamar an aiko su, rufi ya rufu Oktoba tana shirin fita. 'Yan Ravnsig suka naɗe bargunansu suka tafi ba sallama. Torkild ya kai wa Oda nata a faranti, ta ci a bakin taga.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da aka buɗe gida mutane suka tare, muka je wa Sigvald muka ce to, an gama da Jokum, a fitar da shi a mayar wa Torkild gidansa. Ya dube mu kamar mun ce a yi sata.

"A kan wane laifi? Yana biya a kan kari. Ba ya kiɗa, ba ya kiwon kare, bai taɓa jingine keke a matakala ba. Tun da nake ciyaman ban ga ɗan haya irinsa ba."

"To mu daina biya masa!" in ji Torkild.

"Sai a kore shi, gida ya tafi ga na gaba a layi. Kai kuma kana ƙarshe."

Haka muka ci gaba da zagayawa da gwangwani duk wata, muna biya wa tsumma haya don kada wani mai rai ya shiga. Torkild ya fi kowa sakawa. Shi ke zuwa ya kunna wa Jokum na'urar ɗumama ɗaki kada bango ya yi danshi, ya share masa ƙanƙara a bakin ƙofa, yana sharewa yana zaginsa. An zaunar da Jokum a kujera yana fuskantar ƙofar lambu. Oda tana sama tana kallonsa, shi yana ƙasa yana kallon lambun da ba abin da zai yi da shi. Hunturu ya shigo ya zauna. Torkild ya rame, irin wakensa na nan a kan firji. Wani lokaci in na ji takunsa a matakala, yana hawa yana hutawa, sai in rasa wa zan ji wa haushi, Sigvald ko Asmus ko bakina.

Da sanyi ya fara sauƙi, ranar wata Talata na kai wa Oda burodi, sai ta ce in kira mata Ciyaman. Ya zo, hula a hannu kamar kullum.

"Sigvald, lokacin da Gerda ta hawa na biyu ta yi musayar gida da ɗan'uwanta na bayan coci, wa ya hana?"

"Ba mai hanawa. Haƙƙin kowane ɗan haya ne, in ɓangarorin biyu sun yarda."

"To ni da mutumin can sana'armu ɗaya, zama. Na lura da shi duk hunturun nan, ba ya son lambu, ko sau ɗaya bai leƙa ba. Mutum ne da ya saba da sama. Nan kuwa ana ganin har hasumiyar ruwa. Je ka tambaye shi."

Sigvald ya cire tabarau ya goge.

"Sai an tambaye shi a gaban shaidu," ya ce.

Muka ɗunguma lamba ɗaya, ni da filas. Aka rufe tagogi tukuna saboda iska, Torkild ya tsaya a bayan kujerar ya riƙe bokitin da hannu biyu, wai yana gyara masa hula. Sigvald ya karanta buƙatar musaya, ya tambaya ko akwai adawa. Jokum bai ce uffan ba. Sigvald ya ƙara da cewa in kuma daga baya yana son barin gari, sai ya ba da notis na wata uku kamar kowa, ko akwai adawa? Nan ma shiru. Ban taɓa son mutum kamar yadda na so bokitin nan a ranar ba.

Asmus da yaransa suka zo tashin kaya, suka ce ba sa karɓar ko sisi. Oda ta ce kada wanda ya ɗaure ta. Suka ɗauke ta a kujerarta su huɗu, suna sauka a hankali, Torkild na gaba yana ba da umarnin da ba mai bi. A kwanar hawa na biyu suka yi kiciɓis da wanda ya goyo Jokum zai hau da shi. Wuri ya yi ƙunci, sai da aka manna shi da bango, bokitinsa ya kusa taɓa fuskarta.

"Famfon kicin yana ɗiga," ta ce wa Jokum. "Kada ka yarda da alkawarin Sigvald a kai."

Aka bar masa wata tsohuwar kujerarta a bakin taga, aka yafa masa bargonta don ta ce ɗakin da sanyi.

Ita kuwa ba ta yarda a shiga da ita cikin gida ba, ta ce a wuce da ita lambu kai tsaye. Ta sa Torkild ya cire mata takalmi da safa. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga ƙafarta mai lafiya ya ɗora a kan ƙasa, ya ɗauko ɗayar ya ajiye kusa da ita. Ƙasar da sauran sanyi da laima. Ta nutsa yatsunta a ciki, ta rufe ido. Asmus ya juya ya ce wani abu ya faɗa masa a ido. Ni ban ɓoye nawa ba, kuka na yi sosai.

Bayan kwana biyu da rana muna zaune a lambun mu uku, a bayan ɗan shingen ganye, Torkild yana tona ramin wake tana yi masa faɗa wai ya yi zurfi. Sai ga mai raba wasiƙa ta wuce a titi, ta ɗaga hannu wajen tagar hawa na uku. "Oda, ya jiki?" Ta wuce abinta. Muka yi dariya. Can sai ga matar mai gidan burodi, ita ma ta ɗaga wa tagar hannu. Dariyarmu ta ragu. Sai kararrawar keke, Sigvald da kansa, mutumin da ya sa hannu a musayar. Ko kansa bai ɗaga sosai ba, hannun ne ya tashi don ya saba.

"Oda! Yau kam kin yi kyau, jiki ya yi sauƙi!"

Ya wuce ta gabanmu, da ta miƙa hannu da ta taɓa tayarsa.

Oda ta daɗe tana kallon tagar, inda bokitin fenti ke zaune cikin bargonta, rana ta karkato tana haska gilashin.

"Tsoho," ta ce, "hau ka juya masa kujerar nan. Daga yanzu har faɗuwarta rana cikin ido take duka, har kai ya yi ciwo."

Torkild ya saki abin tonon. "Rana? Shekara shida ina ajiye ki a wurin nan, ba ki taɓa faɗa mini ba."

"In ka juya ni, wa zai gan ni ya ɗaga hannu?"

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya karkaɗe ƙasar gwiwarsa, ya tsallaka titi ya shiga tsohon benenmu. Muna zaune muna jiyo takunsa ta tagar matakala, yana hawa yana hutawa.